Inda Ba Ƙasa Ake Gardamar Kokawa: Raddi Ga Masu Cewa "Yaron Ba Shi Da Zuciya"

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ana yi wa wani bawan Allah shari'a a kan abin da ya aikata cikin ƙiftawar ido, kuma har yau alƙalan ba su gaji da zaman kotu ba. Sunansa Chris Webber. Alƙalan kuwa su ne 'yan kallon ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, waɗanda duk shekara idan watan Maris ya kama, gasar fid da zakara tsakanin jami'o'i ta kankama, sai sun tono maganarsa sun sake yanke masa hukunci. Hukuncin ba ya canzawa. Wai yaron ba shi da zuciya, wai idan wuta ta yi wuta kansa kullewa yake yi, wai akwai waɗanda aka haifa da ilhamar wasa a jininsu, shi kuwa ba a ba shi ba.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da gardamar Amurkawa? Ruwanmu shi ne wannan hukunci ba shi da gari. Duk inda aka taru ana kallon wasa za ka ji irinsa, kuma daga bakin 'yan kallo yake tsallakawa zuwa alƙalamin masu rubutu, daga nan ya zama tarihi. Na tsaya a kan Amurka ne domin a can aka fi adana shaida. Manyan wasanninsu suna kan faifai, kowane jifa an ƙidaya shi, saboda haka ana iya ɗora maganar 'yan kallo a sikeli. Ni dai da na ɗora ta, na tarar ba ta da nauyi. Abin da suke kira zuciya ko ilhama suna ne da ake raɗawa bayan an ga yadda wasa ya ƙare, kuma wanda ake laƙaba wa mummunan sunan yawanci ɗalibi ne ɗan shekara 19 ko 20.

Abin da ya faru a daren

Ga wanda bai saba da ƙwallon kwando ba, ga abin da ya kamata ya riƙe. Mutum biyar-biyar ake bugawa. Jifa a kwando maki biyu ne, na nesa uku. Idan aka yi wa ɗan wasa ƙeta, akan ba shi jifan kyauta, wato ya tsaya shi kaɗai ba mai tare shi, kowane jifa maki ɗaya. Sannan kowace ƙungiya tana da adadin ɗan hutun shawara da za ta iya nema a tsayar da agogo. Idan adadin ya ƙare kuma aka nema, laifi ne.

Ranar 5 ga Afrilu, 1993, a filin Superdome na birnin New Orleans, gaban mutum sama da 60,000, Jami'ar Michigan ta kara da Jami'ar Carolina ta Arewa a wasan ƙarshe. Webber shi ne ƙashin bayan Michigan, ɗaya daga cikin yara biyar ɗin nan da ake wa laƙabi da Fab Five, wato gwanaye biyar: shi, da Jalen Rose, da Juwan Howard, da Jimmy King, da Ray Jackson. Saura daƙiƙa 20 a tashi, Carolina na gaba da 73 da 71. Ɗan wasansu ya zubar da jifan kyauta, Webber ya cafe ƙwallon. Ya nemi ya miƙa wa Rose, wanda shi ne mai rarraba ƙwallo, ya ga an tare hanya, har ya ja ƙafa, alƙalin wasa bai busa ba. Sai ya ɗauki ƙwallon da kansa ya tsallaka fili, ya ƙare a lungu kusa da bencin ƙungiyarsa, mutum biyu suka rufe shi. Saura daƙiƙa 11 ya haɗa hannu ya nemi hutun shawara, alhali Michigan ta riga ta cinye nata. Aka ba Carolina jifan kyauta biyu, aka kuma ba su ƙwallo. Donald Williams ya jefa huɗu a jere, aka tashi 77 da 71.

Kuskure ne? Ƙwarai kuwa, babba ma. Ba na zo nan ne in ce baƙi fari ne ba. Amma tsakanin "ya yi kuskure" da "ba shi da zuciya" akwai tafiya mai nisa, kuma 'yan kallo tsalle ɗaya suke yi su ƙetare ta. Bari mu bi ta a ƙafa.

Shaidun da aka ƙi kira

Shaida ta farko shi ne wasan kansa. Wannan yaro da aka ce matsi yana kulle masa kai, a daren ya ci maki 23, ya cafe ƙwallo 11 a ƙarƙashin kwando. Saura daƙiƙa 36 a tashi, lokacin da Michigan take baya da uku, shi ne ya kutsa ya cafe ƙwallon da abokinsa ya zubar ya mayar kwando, ya rage tazarar zuwa ɗaya. Ashe a daƙiƙa ta 36 yana da zuciya, a ta 20 da ya cafe ƙwallon yana da ita, sai a ta 11 ta sulale ta gudu? Wace irin zuciya ce wannan mai shiga da fita kamar kazar maƙwabta? Kwana biyu kafin nan, a wasan kusa da na ƙarshe da Kentucky, wanda sai da aka yi ƙarin lokaci kafin Michigan ta ci 81 da 78, Webber ne ya ɗauko ƙungiyar da maki 27. Ba domin shi ba, da babu ma wasan ƙarshen da za a ce ya ɓata.

Shaida ta biyu ita ce sauran mutanen da ke filin. Saura minti huɗu da 'yan kai Michigan ce a gaba da maki huɗu, Carolina ta ci tara a jere ba tare da an rama ko ɗaya ba. A nan wasan ya juya, amma ba wanda yake tuna sunan waɗanda suka zubar da jifa a waɗannan mintuna. Haka kuma me ya sa ƙaton da tsayinsa ya haura mita biyu, wanda aikinsa ƙarƙashin kwando ne, ya zama shi ke tuƙa ƙwallo daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan? Ina masu wannan aikin? Sannan fim ɗin tarihin da tashar ESPN ta fitar a 2011 ya nuna wani daga cikin masu zaman bencin Michigan yana yin alamar a nemi hutu a daidai wannan lokaci. Ka ɗauki kanka a matsayinsa: mutum biyu sun matse ka, layi yana bayanka, ihu ya cika kunnenka, kuma daga ɓangaren mutanenka ana nuna maka ka tsayar da wasa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shaida ta uku ta fi ƙarfi, domin a wannan fili dai aka yi ta, shekara 11 kafin Webber. Ranar 29 ga Maris, 1982, Georgetown da Carolina ta Arewa. Saura daƙiƙa kamar 15, wani ɗan ajin farko mai suna Michael Jordan ya jefa ƙwallon da ya sa Carolina gaba da 63 da 62. Georgetown ta taho neman ramawa, sai Fred Brown ya ɗauki ƙwallon ya miƙa wa James Worthy, ɗan Carolina, a zatonsa abokin wasansa ne. Kowa ya san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. An yi wa Worthy ƙeta saura daƙiƙa biyu, aka ba shi jifan kyauta biyu, ya zubar da duka biyun. Georgetown ta sami damar jifa ɗaya daga nesa, bai shiga ba. Jama'a, da wannan jifa ya shiga fa? Da Worthy ne za a yi shekara arba'in ana cewa gwiwarsa ta yi sanyi, da kuskuren Brown ya zama ɗan labarin da ake ba da shi ana dariya. To bai shiga ba, aka zaɓi Worthy gwarzon gasar, daga baya ma a gasar ƙwararru ta NBA aka yi masa laƙabin mutumin manyan wasanni. Ke nan jifan wani mutum dabam, daga nesa, shi ya yanke wa zai zama jarumi wa zai zama rago. Idan har haka zuciya take, to ba a ƙirjin ɗan wasa take zaune ba, a allon maki take.

Fred Brown kuwa, kocinsa John Thompson ya rungume shi a daren a gaban duniya, ya ci gaba da sa shi a wasa. A 1984 Georgetown ta ɗauki kofin, Brown yana cikin masu bugawa, kuma shi Thompson ya sake runguma. Wa suka doke a wannan wasa da ci 84 da 75? Jami'ar Houston, wadda ginshiƙinta ɗan Nijeriya ne haifaffen Legas, Hakeem Olajuwon. Wannan ne karo na biyu a jere da Olajuwon ya je wasan ƙarshe ya dawo hannu rabbana, domin a 1983 Jami'ar Jihar Carolina ta Arewa ta ci su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, lokacin da Lorenzo Charles ya cafe ƙwallon da bai kai kwando ba ya dankara shi, Olajuwon bai kai gare shi ba. A ma'aunin 'yan kallo, wanda ya faɗi wasan ƙarshe sau biyu a jere ai an gama da shi. Amma wannan mutumin ne ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995, kuma duka biyun shi aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe. A na 1994 ma Patrick Ewing ya doke, wato dai mutumin Georgetown da ya hana shi kofi shekara goma baya. A ina ya sayo zuciyar a tsakani?

Cuta uku, suna ɗaya

Babban abin da ya sa nake kiran wannan magana lalaci shi ne tana tattara abubuwa mabambanta ta sa musu suna ɗaya. Likitan da ke kiran kowane ciwo zazzaɓi ba zai warkar da kowa ba.

Kuskuren Brown na ido ne. Worthy ya yi yunƙurin kwace ƙwallo ya wuce, ya tsinci kansa a wurin da abokin gaba ba ya tsayawa. Brown ya hango mutum a gefen idonsa a inda ya saba ganin nasa, hannunsa ya riga tunaninsa. Ka lura, ilhamar nan da ake yabo ita ce ta ci amanarsa. Da ya tsaya ya yi tunani, da bai jefa ba.

Kuskuren Webber na riƙe lissafi ne. Tun yana yaro an koya masa cewa idan aka rufe ka a lungu, ka nemi hutu kada a kwace ƙwallo. Wannan darasi daidai ne a kusan kowane dare. A wannan daren kaɗai akwai wani ƙarin bayani, cewa hutun ya ƙare, wanda dole ya riƙe shi a ka yayin da yake gudu, yana kallon agogo, yana neman abokin wasa. Tsohon sabo ya rinjayi sabon bayani.

Na ukun shi ne na Jami'ar Memphis a wasan ƙarshe na 2008. Suna gaba da 60 da 51 saura minti biyu da daƙiƙa 12, suka zubar da huɗu daga cikin jifan kyauta biyar na ƙarshe, Mario Chalmers na Kansas ya jefa na maki uku ya yi kunnen doki, Kansas ta ci 75 da 68 a ƙarin lokaci. Nan ma aka ce tsoro ne ya kama Derrick Rose da Chris Douglas-Roberts. Amma Memphis ta yi kakar wasan gaba ɗaya tana zubar da kusan huɗu cikin kowane jifan kyauta goma, tana cikin na can ƙasa a duk ƙasar. Ramin da aka yi wata biyar ana gani ba a cike ba, shi suka faɗa. Wannan tambaya ce ga masu horarwa kafin ta zama tambaya ga ƙirjin yara.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da rarrabe waɗannan. Tun 1984 Roy Baumeister ya nuna cewa matsi yakan sa mutum ya koma sa wa kansa ido a kan aikin da jikinsa ya riga ya haddace, kuma wannan sa idon shi ke ɓata aikin. Kowa ya san haka a jikinsa. Ka sauko daga matakala kana lissafin yadda kake ɗaga kowace ƙafa ka ga ko ba za ka yi tuntuɓe ba. A 2001 Sian Beilock da Thomas Carr sun gwada wannan da masu koyon buga ƙwallon golf, suka tarar waɗanda aka horar ana ɗaukar su a kyamara, har suka saba da a zuba musu ido, ba su rikice ba da aka ɗora musu matsi. Ita Beilock ɗin ta nuna wata hanya ta biyu, cewa damuwa takan cinye ɗan wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da take aiki da shi a nan take, sai lissafin da mutum ya sani sarai ya ɓace masa. A 2011 ita da Gerardo Ramirez suka wallafa binciken da ya nuna ɗaliban da aka ba minti goma su rubuta fargabarsu a takarda kafin jarrabawa sun fi cin maki. Ni da nake tsaron jarrabawa na sha ganin yaron da ya warware lissafi a allo ranar Litinin ya zauna ranar Alhamis yana kallon irinsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Da zan rubuta a rahotonsa cewa ba shi da ƙwaƙwalwa, da na yi ƙarya, kuma da na tsere wa aikina.

Abin lura a nan shi ne, duk abin da minti goma na rubutu ko 'yan makonnin horo za su iya canzawa, ba za a kira shi halitta ba.

To su jaruman fa?

Za a ce mini, ai ga Christian Laettner. Ranar 28 ga Maris, 1992, saura daƙiƙa biyu da ɗigo ɗaya, Duke tana baya da maki ɗaya a hannun Kentucky, Grant Hill ya wurgo ƙwallo daga ƙarshen fili, Laettner ya cafe, ya buga shi ƙasa sau ɗaya, ya juya ya jefa, aka tashi 104 da 103. A wasan nan jifa goma ya yi duka suka shiga, jifan kyauta goma duka suka shiga. Wannan ba ilhama ba ce?

Gwaninta ce wadda ba mai musu. Amma wannan dabara ba daga sama ta faɗo masa ba. Duke ta yi ta maimaita ta a wajen horo, kuma ta gwada ta a wannan kakar a wasanta da Wake Forest, inda wurgin Hill ya karkace, Laettner ya taka layi, suka faɗi wasan. Mutum biyun nan dai, dabarar nan dai. Ranar da ta ƙi, ba wanda ya ce ba su da zuciya, domin wasan ba na kofi ba ne. Ranar da ta yi, aka ce da ita aka haife su. Kuma kada a manta kocin Kentucky, Rick Pitino, bai sa kowa ya tsaya gaban Hill ya hana shi ganin fili ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma 'yan kallo zomon kawai suke gani.

Shi kansa Olajuwon, wanda ake misali da sarrafa ƙafarsa, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. Ƙwallon ƙafa ya fara yi a Legas, yana tsaron gida, da ƙwallon hannu, kuma ya sha faɗa cewa daga nan ƙafafunsa suka koyi abin da suka koya. Abin da muke gani kamar ilhama, sabo ne da aka tara shekara da shekaru har ya daina neman izinin tunani.

Abin da na yarda da shi

Kada a ce na ƙi gaskiya. Na yarda mutane sun bambanta wajen ɗaukar matsi, wani yakan fi wani natsuwa, kamar yadda wani yakan fi wani tsawo. Abin da nake musu shi ne a ce ana iya gane wannan daga daƙiƙa ɗaya, daga kan kujera. Ɗan wasan jami'a shekara huɗu ce iyakarsa a ka'ida ta asali, Webber ma biyu ya yi. Sau nawa irin wannan lokaci zai zo masa? Uku? Biyar? Wanda ya wurga kwabo sau uku ya ga kai sau biyu, ya tashi yana shelar cewa ya gano halin kwabon, ai dariya za a yi masa.

Na kuma yarda gardama ita ce gishirin kallo. A yi musu a kan ko ya kamata koci Steve Fisher ya tanadi hutu ɗaya, ko ya kamata Rose ya zo ya karɓi ƙwallon ko ta halin ƙaƙa, ko ya kamata Memphis ta yi wa Kansas ƙeta kafin Chalmers ya jefa. Waɗannan tambayoyi ne masu amsa, ana iya koma wa faifai a duba. Wanda ya bar su ya koma binciken abin da ke cikin ƙirjin yaron da bai taɓa gaisawa da shi ba, ya bar ilimi ya koma duba.

Haka nan ban ce Webber waliyyi ne ba. An gano cewa ya karɓi kuɗi masu yawa daga hannun wani mai goyon bayan ƙungiyar, Ed Martin, abin da dokar wasannin jami'o'i ta hana. A 2002 Michigan ta sauke tutocin tunawa da waɗannan wasanni, a 2003 kuma shi ya amsa laifin raina kotu a kan shaidar da ya bayar. Mai son ya yi maganar halinsa, ga wurin yi, domin wannan abu ne da aka yi da nutsuwa, da lokacin tunani. Abin mamaki, da yawa daga cikin 'yan kallo sun fi saurin yafe wannan a kan su yafe daƙiƙa ta 11. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba hali suke aunawa ba, haushin kofin da suka rasa suke hucewa.

Wa ke biyan kuɗin bakinmu?

Da maganar a baki take tsayawa, da ban ɓata takarda ba. Ranar 17 ga Oktoba, 2015, a wasan ƙwallon Amurka, wanda ake runguma a gudu da shi, Michigan tana gaban Jami'ar Jihar Michigan da 23 da 21 saura daƙiƙa goma. Abin da ya rage kawai shi ne Blake O'Neill, ɗalibi ɗan Ostareliya, ya karɓi ƙwallo ya doka shi nesa. Ƙwallon ya kuɓuce masa, abokan gaba suka ɗauka suka ci 27 da 23. Kafin gari ya waye saƙonnin zagi da barazanar kisa sun yi masa ruwa, har sai da shugaban sashen wasanni na jami'ar ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon magoya baya su bari. Webber a zamaninsa ya yi sa'a babu wayar hannu mai intanet, har shugaban ƙasa Bill Clinton ya rubuta masa wasiƙar ƙarfafa gwiwa. Na yau a aljihunsa zagin yake kwana.

Abin ya ƙara muni tun 2018, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni. Yanzu mai zagin ba kofi kaɗai ya rasa ba, har da kuɗinsa. A 2024 shugaban hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, Charlie Baker, ya yi kira ga jihohi su haramta cacar da ake yi a kan abin da ɗalibi guda zai ci a wasa, saboda irin cin zarafin da ɗalibai ke fuskanta. Duk wanda ya aika wa yaro saƙon cewa ya je ya mutu, da wace hujja ya fara? Da wannan dai: ba shi da zuciya, rago ne, ya ci amanarmu. Maganar da ake ɗauka ta hira ce ita ke share wa ɗayar hanya.

Akwai masu cewa ai yanzu ana biyansu, sai su haƙura. Gaskiya ne tun Yulin 2021 an ba su damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye. Amma a tuna, a 2010 tashoshin CBS da Turner sun sayi izinin nuna gasar nan ta Maris a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a lokacin da yaran da ake kallo ba su da albashi ko na sisi. Shekara da shekaru ana cin kasuwa da hawayensu, ana maimaita hoton wanda ya durƙusa yana kuka domin ya fi sayuwa. Kuma ko a yau, hukumar da kanta tana cewa waɗanda ke zama ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran za su koma neman aiki da sunan da aka laƙaba musu. Kuɗin tikiti yana ba ka damar ka ce wasan bai yi kyau ba. Bai ba ka ilimin gaibu ba.

Kammalawa

Webber ya bar jami'a a 1993, shi aka fara zaɓa a cikin duk masu shiga NBA a shekarar, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 1994, ya yi shekara 15 yana bugawa, aka shigar da shi zauren girmama gwanayen ƙwallon kwando a 2021. Duk da haka, ka ambaci sunansa a gaban 'yan kallo ka ji abin da zai fara fitowa daga bakinsu.

Ɗan kallo yana da uzuri, jininsa ne ya hau, gobe zai huce. Wanda ba shi da uzuri shi ne mai alƙalami, wanda ya sami dare guda ya yi tunani, ya ga faifan, ya ga alƙaluman, sannan ya zaɓi ya kwafe ihun filin ya mai da shi rubutu domin ya fi sauƙi kuma ya fi daɗin karantawa. Labarin jarumi da rago ba ya buƙatar bincike. Labarin gaskiya yana buƙatar ka tambayi wa ya tsaya a ina, me aka koya wa yaron, me aka manta ba a koya masa ba, da abin da ya yi minti ɗaya kafin kuskuren. Duk wanda zai rubuta cewa wane ba shi da zuciya, ina roƙonsa ya fara amsa tambaya ɗaya tsakaninsa da Allah: da ƙwallon ƙarshen ya faɗa ta ɗaya gefen, zai rubuta haka? Idan amsar a'a ce, to ya ajiye alƙalamin ya koma ya sake kallon wasan.

Allah Ya sa mu faɗi abin da muka sani, mu kame daga abin da ba mu sani ba.